Doka ta Bakwai a Ƙasar Urumel

Daren Alhamis a Valparaíso,
can ƙolin tudun da matakalarsa ta kai ɗari biyu da sha ɗaya,
nakan kwashe kwanuka daga tebur
in shimfiɗa ƙasar da ba ta cikin taswirar kowa.
A bayan takardar kuɗin wuta na zana ta.
Tabon shayi ya zama tafki,
inda taba ta ƙona kuwa, nan ne babban birni.

Rayén takan zo da warin asibiti a rigarta,
Baltasar da ƙarnin kifi.
Amaro, ɗan maƙwabta mai shekara sha huɗu,
shi da yunwa yake zuwa,
da ɗan lido mai fuska ashirin
cikin safa, wai kada sa'a ta ji sanyi.

Ku kasa kunne, nakan ce, ga Urumel.
Ƙasa ce mai girgiza kafaɗa duk shekara bakwai,
don haka ba a gini da dutse.
Gidaje rataye suke a jikin tsauni
kamar ƙwarya a ragaya,
yaro kan iya ƙulli tun bai iya tafiya ba.

Ba a ɗaure ɓarawo a can.
Abin da ya sata ake ɗora masa a ka,
ya yi ta yawo har mai kaya ya ce sauke.
Wani ya taɓa satar ƙararrawar bakin teku,
ya mutu bai ƙara jin shiru ba.
Alƙali ba ya yanke hukunci
sai ya ci abinci a gidan mai ƙara da na wanda ake ƙara,
shi ya sa duk alƙalansu tumbi ke riga su shiga ɗaki.
Bashi kuwa ba a gadonsa:
ƙulli ne a igiya,
ran jana'iza a ba teku ta kwance.

Sarkinsu na ƙarshe, Odrun Mai Gajeren Kunne,
ya sa wa inuwa haraji.
Ko takobi ba a zare ba.
Cikin dare aka janye tsanin fadarsa.
Shekara ɗari uku ke nan jikokinsa na can sama,
ana tura musu burodi a kwando,
su sauko da dokoki a cikinsa,
mata su hura wuta da su.

Doka ta bakwai ce nake karantawa da sauri:
wanda teku ta riƙe, ba a ce ya mutu.
A bar masa kujerarsa shekara tara,
kada a zauna, kada a ɗora mata ko hula.

Daren jiya Rayén ta tsayar da ni.
Ta ce, Eulogio, jarumata alƙaliya ce, dole ta sani,
in taran ta cika fa?
Na buɗe littafi. Na juya shafi. Na sake juyawa.
Ban rubuta ba.
Ita kuwa ba littafin take kallo ba,
kujera ta biyar take kallo, ta jikin taga,
wadda ƙanena Leandro ya tura baya da ƙafa
wata asuba, ya ɗauki komarsa.
Wannan sanyin ne na goma.

Baltasar ya yi tari. Jirgi ya yi kuka a ƙasan tudu.

Amaro, wanda tun farko kan akwatin lemo yake zama,
ya mirgina ɗan lidonsa ba wanda ya sa shi.
Huɗu ya fito. Ba abin kirki ba.
Ya ce, a Urumel huɗu na nufin
wanda ya fi kowa yunwa ya zauna.

Babu wannan a dokokina.
Na lashi bakin fensir na rubuta.
Kujerar ta yi ƙara da ya hau,
ƙafarta ɗaya ta gajarce ashe,
muka cusa mata takardar kuɗin ruwa,
aka ci gaba da wasa.